Ina son shiga tuƙin tirela amma ban taɓa riƙe babbar mota ba

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar manyan motoci, musamman direbobinmu na nan Kaduna.

Shekarata 24, ina zaune a Rigasa da mahaifiyata da ƙannena uku. Keke nake ja, daga Rigasa zuwa Bakin Ruwa, in an samu shata in leƙa har Kasuwar Barci. Keken ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kowace yamma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya koma sai a hankali. In na sha mai, na ware balas, na yanki tikiti, abin da ke saura a aljihu na cefanen gobe ne kawai. Ranar da taya ta yi faci ko aka wuni ana ruwa, to bashi ne.

Ƙaramar mota na iya ta, ina da lasin ajin B. Babbar mota kuwa ko kujerar direba ban taɓa hawa ba. Amma duk sanda na tsaya a Bakin Ruwa ina jiran tireloli su wuce a baifas, sai in ji a raina sana'ar da nake so ke nan.

Yanzu hanya biyu ce a gabana. Maƙwabcinmu yana da wa direban DAF, masara da waken soya yake ɗauka daga Saminaka zuwa Ibadan, wani lokaci har Legas. Yaronsa ya bar shi, yana neman wani. An gaya mini gaskiya tun farko: babu albashi, sai abinci a hanya da abin da ya sawwaƙa in an dawo. Ta biyun kuma talla ce aka turo mana a WhatsApp, wai wani babban kamfani na ɗaukar masu koyon tuƙin tirela, ko ba ka iya komai ba, kuma albashi tun watan farko. Sai dai a fara tura naira dubu 35 kuɗin fom da gwajin lafiya, kuma asusun da suka bayar sunan mutum ne a jiki.

Mama ba ta so ko kaɗan. Cewa ta yi da takardar sakandarena zan je in zama karen mota, in riƙa kwana a ƙarƙashin tirela? Ga tsoron hanya, kuma ban ga laifinta ba.

In na bi direban nan, da gaske zan kai ga riƙe sitiyari, ko a wankin mota da sa weji, wato tokare taya kada mota ta gangara, zan ƙare? Lasina na B zai yi mini wani amfani? Tallar nan kuma akwai wanda ya san irinta? Don Allah wanda ya yi aikin ya ba ni amsa, ban da wanda ya ji a majalisa.

Baba Mai Mack:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni nake faɗa jikana na rubutawa, sai ka yi haƙuri in ta yi tsawo.

Tallar nan ka goge ta. Na gama da wannan.

Tun zamanin Shagari na fara bin mota, wata 911 mai bodin katako, kuma a tsararrakina ban san wanda ya riƙe tirela ba tare da ya yi yaron mota ba. Bin mota dai dole ne. Abin dubawa shi ne mutumin da za ka bi, motar kuwa ko DAF ce ko Howo ko MAN duk ɗaya. Akwai direban da zai riƙe ka shekara da shekaru, ka yi masa wanki, ka dafa masa, amma ranar da ka taɓa sitiyari ya zage ka tas, don yana tsoron mai mota ya gane akwai mai maye gurbinsa da araha. Akwai kuma wanda alfaharinsa a ce wane da wane duk shi ya yaye su.

Kada ka tambayi maƙwabcinku, ba zai kushe wansa ba. Ka hau mota ka zo Mararrabar Jos, nan masu fitowa daga Saminaka ke yada zango. Ka zauna teburin mai shayi, ka yi hira da masu faci da 'yan kamasho. Ka tambaye su: yaran da suka bi shi a baya, ina suke yanzu? In aka ce wane na jan siminti, wane na jan kwantena, ka samu malami. In aka ce kowa wata biyu yake yi ya gudu, ka shanye shayinka ka koma Rigasa. Wannan da ya bar shi kwanan nan ma ka ji dalili. Sannan ka lura da abin da yake sha in dare ya yi. Goro da shayi ba laifi. Wanda sai ya haɗiyi ƙwaya yake kai Jebba, ranka za ka damƙa masa, kuma kafin shekara ta zagayo kai ma ka koya.

Bari in gaya maka aikin, kada ka ce ba a faɗa maka ba. Kai ne na farkon tashi. Kafin oga ya shafa addu'ar asuba ka duba baƙin mai, ka duba ruwan lagireto, ka zagaye motar da ƙarfe a hannu kana bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mai iska tana amsawa da ƙarfi, ƙarfen ma ya dawo maka. Wadda ta sace sai ka ji ta lugub. Tayoyin baya bibbiyu suke, ta ciki tana iya sacewa ta waje ta rufa mata asiri, ido ba zai gani ba sai kunne. In ka wuce ta, haka za ta yi ta gugar kwalta tana zafi har ta kama wuta a ƙarƙashin buhunan mutane. Ka duba notunan wili, in ka ga tsatsa ta ja layi daga jikin noti, ya fara kwancewa. Wajen lodi kai ne mai ƙirga buhu tare da masu kaya, kai ne mai jan tamfol ka ɗaure, kuma in ruwa ya jiƙa masara a hanyar Mokwa sunanka za a kira. Duk inda aka tsaya, kafin oga ya sauko ka dira ka sa weji. Da dare shi yana ciki a kan gado, kai kana ƙasa a tabarma kusa da tankin gas da batir, don su ɓarayi ke nema. Mama ba ta yi ƙarya ba, za ka kwana a ƙarƙashin tirela.

Mafi ɗaci shi ne lalacewa. Mota ta tsaya a daji tsakanin Bida da Mokwa, oga ya tari wata ya tafi neman kayan gyara, kai ne mai gadi. Ka kafa alama gaba da baya, ka zauna, kwana nawa sai yadda Allah ya yi. Sauro, ruwan sama, garin kwaki. A nan yawancin yara ke cewa sun fasa.

Tuƙin kuma ba a rana ɗaya ake miƙa maka ba. Farko ka tayar da inji da safe ka jira iska ta cika. Sai a layin lodi, oga na barci, ya ce in na gaba ya matsa kai ma ka matsa. Taku goma-goma ne, amma a nan ƙafarka ke sanin kuloci. Sai ribas a fili, kuma nan ƙaramar motar da ka iya za ta rikita ka, don in kana son gindin bodi ya yi dama, hagu za ka fara murɗa sitiyari, kuma madubi ne kaɗai idonka. Daga nan ya ba ka ita babu kaya, da rana, a miƙaƙƙen titi irin na Jaji zuwa Zariya. Sannan da kaya. Dare da gangara su ne na ƙarshe. Kwana ma sai an koya: kan motar ya wuce lafiya, amma tayoyin baya ta ciki suke yankewa, shi ya sa muke buɗewa sosai kafin mu karya. Kai ɗan Keke ne, ka san yadda 'yan'uwanka ke cusa kai ta wannan gefen a baifas in sun ga mun buɗe, su ɗauka hanya muka ba su. Ranar da ka hau sama ka ga yadda Keke ke ɓacewa ɗungurungum daga madubi, jikinka zai yi sanyi.

Batun hanya, da ta Mando muke bi, Buruku, Birnin Gwari, Tegina, mu faɗa Mokwa. Rashin tsaro da lalacewar titi suka kora yawancinmu ta Tafa, Dikko, Lambata, Bida, sannan Mokwa, a haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, sai Badun. Ta fi nisa, ta fi shan gas. Direba mai hankali ba ya keta daji shi kaɗai da dare, yana jiran 'yan'uwa a yi ayari, yana kuma tambayar masu tahowa. Ka gaya wa Mama haka, kuma kada ka taka ko'ina sai ta sa maka albarka.

Direban Siminti:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ɗan abin da zan ƙara na takarda ne, don a zamaninsu hannu ake dubawa, mu kuwa sai an ga kati.

Lasinka na B na ƙananan motocin gida ne. Tirela ajin G take so, kuma a ƙa'idar FRSC, hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, sai mutum ya kai shekara 26 ake ba shi lasin tuƙin haya. Kai kana 24. Ka ga ko yau ka iya, shekara biyu na gabanka, kuma babu inda ya fi dacewa ka yi su irin gefen direba. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗin fom a asusun wani mutum. Ni da aka ɗauke ni ko sisi ban biya ba. Abin da suka nema lasin G ne, takardar lafiya daga asibitin gwamnati, gwajin ido, gwajin ƙwaya, da mutum biyu masu tsaya mini. Sannan aka ba ni mota a fili aka ce in yi ribas in shigar da ita tsakanin durom biyu.

In lokaci ya yi ka bi ta makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, ka yi gwaji, ka je da kanka a ɗauki hotonka da yatsunka. Wanda ya ce ka kawo kuɗi da fasfo ya kawo maka lasi har gida, na bogi zai ba ka, kuma kamfanoni na duba lambar a kwamfuta. Na ga wanda ya fi ni hannu aka sallame shi tun daga bakin get saboda wannan. Ka leƙa NITT da ke Zariya, a hanyar Basawa, cibiyar gwamnatin tarayya ce ta harkar sufuri tun 1986, suna horar da direbobi. Dangote ma yana da makarantar koyon tuƙin tirela a Obajana, jihar Kogi. Ka je ofis da ƙafarka ka tambaya, kada ka yarda da lambar waya da aka jefo a guruf.

Inda zan ɗan saɓa da Baba, da neman afuwa: koyo a hannun oga yana zuwa ne da ɗabi'un oga, masu kyau da marasa kyau. Da yawa za su koya maka sakin mota a firi, wato babu giya, a gangara don a rage shan gas, a sayar da ragowar a hanya. Za su koya maka ɗora mutane a saman kaya. A kamfani duk wannan kora ce. Motata akwai na'urar da ke nuna wa ofis inda nake da irin gudun da nake yi, ga kuma na'urar taƙaita gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a 2017. Ƙa'idar tirela a babban titi mai hannu biyu kilomita 60 ce a awa, a sauran manyan hanyoyi 50. Wanda ya saba da 90 a hannun oga yana shan wahala kafin ƙafarsa ta ladabtu.

Sannan ka yanka wa kanka wa'adi. Na san masu furfura da har gobe yaran mota ne. Ka faɗa wa mutumin tun farko, a gaban maƙwabcinku, cewa koyo ka zo yi, kuma kana son yin lasin G da zarar ka cika 26. Takardar sakandaren da Mama ke wa takaici kuwa, ita za ta fifita ka a kan saura: ka iya karanta webil, wato takardar kayan da aka ɗauko, ka iya cike fom, ka iya lissafin lita da kilomita. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace tafiya, inda aka yi lodi, nauyin kaya, gas ɗin da aka sha. Ranar intabiyu shi zai yi maka shaida.

A nan Kaduna ma akwai aikin da ba sai ka je Kudu ba. Ga tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018, ga masana'antar abincin kaji a hanyar Abuja, ga tifofin yashi da dutse. Wasu da tifa ko mota ƙirar Kanta suke farawa, kullum su kwana gida, daga baya su hau tirela.

Ɗan Kawo:

Malam ka bar wahalar masara ka nemi tanka kawai. A nan kuɗi yake. Yaron tanka ma ya fi wani direban buhu shiga.

Baba Mai Mack:

Ɗan Kawo, Allah ya shirye ka. Buhu in ka ɗaure ya zauna. Mai kuwa in ka taka birki sai ya taho gaba ya tura ka, in ka karya kwana ya tattaru gefe guda, balle in tankin bai cika ba. Ka manta yadda tankar mai ta faɗi ta kama wuta ta kashe mutane a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024? Ka manta irin haka a mahaɗar Dikko a Janairun 2025, wadda hanyar yaron nan ce ma? Kuma tanka na da ƙungiyarta, PTD ta direbobin tanka, ƙarƙashin NUPENG ta ma'aikatan mai, ba a faɗa mata daga sama. Ya fara da busasshen kaya.

Makanike a Panteka:

Sannu ƙanena. Ni ba direba ba ne, amma duk abin da direbobi suka ɓata a wurina yake ƙarewa.

Birkin tirela daban yake da na ƙaramar motar da ka sani. Wancan mai ne, wannan iska ce. Inji ke juya kwamfireso, kwamfireso ya cika tankuna, in ka taka birki iskar nan ce ke matse tayoyi. Shi ya sa ba a tayar da mota a wuce, sai allurar iska ta hau, ƙarar gargaɗi ta ɗauke. To in aka saki mota a firi a gangara, inji ya koma silo, kwamfireso na cikawa a hankali, direba kuma yana ta tattaka birki yana zubar da iska. Ga nauyin tan talatin ya koma kan birki shi kaɗai, ya yi zafi, ya fara hayaƙi, a taka a ji wayam. In ka ji an ce birki ya tsinke a gangara, sau da yawa haka aka yi. Giyar da ta hau da kai tudu, da ita za ka sauka ko wadda ke ƙasa da ita, kuma tun kana sama za ka sa ta, ka bar inji ya riƙe motar.

Kowace safiya ka sunkuya ka ja zoben da ke ƙasan tankin iska, ruwa na taruwa a ciki, balle da damina. In ka ga yana fesowa da baƙin mai da yawa, ka gaya wa oga kwamfireso ya fara ba da mai. Ka kashe inji ka kasa kunne wajen robobin iska biyun nan da ke tsakanin kai da bodi, in kana jin tsss to yoyo ne. In an haɗa kai da bodi kada ƙarar da ka ji ta ishe ka, ka haska tocila ka ga ƙugiya ta kama, sannan a ɗan ja a gwada. Kuma ko wa ya sa ka, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In kana da sarari ka zo Panteka ka zauna garejin manyan motoci ko na sati biyu ne, kana miƙa sifana. Yaron da ya iya canza filta, ya iya ɗaura fambel, ya iya fitar da iska daga layin gas in mota ta shanye mai, babu direban da ke son rabuwa da shi.

Matar Direba:

Ƙanena, maza sun gaya maka na mota, bari in gaya maka na gida. A Tudun Wada nake, maigidana tirela yake ja tun kafin a ɗaura mana aure.

Ka ce kai ke cefane. In ka tafi wa zai riƙa yi? Tafiyar da aka ce ta kwana biyar ce tana iya zama ta sati uku in mota ta lalace ko layin sauke kaya ya yi tsawo, kuma yaron mota ba shi da abin turowa gida. Ka zauna da Mama ku yi lissafi a fili: abinci, haya, kuɗin makarantar ƙannenka. Dubu 35 ɗin da ka so turawa, ka ƙara da abin da za ka iya tarawa ka ja mata jari, ko na ƙulle-ƙullen kayan miya ne a cikin gida.

Ni na san abin da ke cin ran Mama. Mu na gida, abin da ke hana mu barci shi ne a kira waya a ji ta a kashe. Ka ba ta lambar ogan, ka ba ta ta wani babba a inda suke lodi. Ka sayi abin ajiye caji. Duk inda kuka yada zango ka kira, ko da cewa za ka yi mun iso Bida ka kashe. Kuma ka sa maƙwabcinku ya kawo wan nasa ya gaishe ta, ta ga fuskar wanda za ta ba amanar ɗanta.

Ka sani za a yi suna ba ka nan, za a yi Sallah ba ka nan. Da mahaifina ya rasu maigidana na Fatakwal, sai sadakar bakwai ya samu. Amma da wannan tuƙin ya gina gidan da muke ciki. Wuraren kwanan manyan motoci kuma ka san abin da ake yi in dare ya raba, ba sai na faɗa ba. Ka kama kanka, ka riƙe sallarka.

Ɗan Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tallar na goge ta, na kuma gargaɗi 'yan guruf ɗinmu.

Baba, na je Mararraba ranar Asabar. Yaran direban biyu na baya duk suna riƙe da mota yanzu, na ƙarshen kuma tifa ya samu, da hannunsa ma ya kai shi wurin mai ita. Mai shayi ya ce goro ne kawai cutarsa. Anti, na bi shawararki, ya zo ya gaishe da Mama, ta ɗan sauko ko da yake ba ta ce na'am ba tukuna. Ya ce in bi shi tafiya ɗaya, in mun dawo ina so sai mu yi magana.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Mai faci ya ce tayoyinsa na baya sun suɗe, wai mai motar ne ba ya son sayen sababbi. Kuma an ce in zai dawo babu kaya yakan ɗebi fasinja a bodi. In bi shi a haka?

Direban Siminti:

Ɗibar mutane a bodi laifi ne a doka, kuma shi ke sa in tirela ta faɗi a ji gawa da yawa lokaci guda. Ni dai bai kwanta mini ba.

Baba Mai Mack:

Gaskiyarka, ɗan siminti, ni ma ba na so, kuma ban taɓa yarda an hau mini saman kaya ba. Amma mutumin da ya yaye uku ba a samunsa a kowace tasha. Ka bi shi, ɗana, tafiya ɗayan nan da ya ce. Ba kai za ka gyara oga a tafiyar farko ba, sai dai kai kanka kada ka hau bodi ko saman buhu ko da ya cika gaba da mutane, kuma ka sa a ranka wannan ba ya cikin abin da ka zo koya.

Taya kuma ka koma ka duba da idonka. Na gaba biyun nan su ne ba a wasa da su, in ɗaya ta fashe da kaya sitiyari ba ya hannun kowa. In suna da kyau, kuma akwai safaya mai iska da jak mai aiki, na baya wahala ce kawai za ka sha wajen canzawa. In na gaban ma sun suɗe, ko ka ga waya ta leƙo, ka ce masa sai an canza za ka bi, ka ji abin da zai ce.

Ka tafi da tabarma, bargo, gidan sauro, tocila, buta, rufaffen takalmi, maganin zazzaɓi da katinka na ɗan ƙasa. Mai Keke kuma hutun sati biyu za ka roƙa, kada ka ce masa ka bari.